Uwargida, Ki San Ciwon Ƙafar Tsohuwar Motarku

A nan birnin Katsina akwai gidajen da har yanzu tsohuwar Land Rover ce rufin asirinsu. Ita ke ɗauko hatsi daga gona, ita ke kai 'yan biki ƙauyukan Kaita da Mani. Wata ma gado ta ci, ta ba direba yana kawo mata na cefane. To, tun da ke da 'ya'yanki ke shiga, kuma sau da yawa kuɗin adashinki ke tafiya wajen gyara, ya kamata ki san ciwon da ya fi kama ta, wato ciwon ƙafar gaba.

A Ingila aka fara ƙera wannan mota a 1948. Samfurin Series III kuwa an yi shi daga 1971 zuwa 1985, ke nan autarsu ma ta kai shekara 40. Tayoyinta na gaba aiki biyu suke yi, suna juyawa da sitiyari, suna kuma jan mota in an sa giyar taimako. Saboda haka a bayan kowace taya akwai wani dunƙulen ƙarfe mai ƙyalli kamar ƙwarya, cike da man giya lamba 90, da gaɓar shaf a cikinsa. Yashi da gargada da ruwan damina su ne abokan gabansa.

Ga yadda za ki gane. Da safe ki leƙa bayan taya. In kin ga mai ya jiƙe ta daga ciki, robar da ke tare man ta mutu. Kada ki raina wannan, domin in man ya kai ga birki, mota za ta riƙa fizga gefe guda in an taka.

Na biyu, a tsayar da mota a wuri mai daidai, a tare tayoyin baya da duwatsu, direba ya ɗaga ta gaba da jak. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. In tana motsi, wani ya taka birki a sake girgizawa. Motsin ya ɓace? Boris ne ya saki. Yana nan? Ƙusoshin da dunƙulen ke juyawa a kansu ne suka cinye. In kuwa dama da hagu take rawa, a duba sandunan sitiyari. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da mota.

Na uku, ki kasa kunne. Ƙarar ƙas-ƙas wajen shan kwana da giyar taimako alama ce gaɓar shaf ta gaji. In an sauka daga tafiya kuma, a kai hannu kusa da tsakiyar taya. Zafin da hannu ba zai jure ba yana nufin boris ya bushe, ko birki na kamawa. Boris in ya ƙone, taya na iya fita ana cikin gudu, Allah ya kiyaye.

In an je gareji, ke ko maigida, a ce wa bakanike, "Malam, a nuna mana abin da aka cire." Dunƙulen da tsatsa ta huda zai yage sabuwar roba nan da nan, don haka a duba shi kafin a sayi roba. A sa sabon wanshar da ake lanƙwasawa ta riƙe notin boris, kada a mayar da tsohuwa. A kuma duba ɗaya ƙafar, tun da hanya ɗaya suka taka.

Sai ki ja kunnen direba. Giyar taimako ta yashi da laka ce. Da ya hau kwalta ya cire ta, in ba haka ba shaf zai murɗe har ya karye. Bayan kowane tsallake rafi kuma a buɗe a duba mai. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a juye a zuba sabo.

Rigakafi dai ya fi magani. Kafin a ɗauki amarya a bikin da ke tafe, ki sa a ɗaga ƙafar motar nan a gabanki. Sai mun sake saduwa.