Tsoffin Ganuwoyi da Kufai a Ƙasashen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Yadda Ake Gane Su

Kamar yadda masana tarihi suka nuna, kudancin Jihar Katsina, wanda a da ake kira Katsina Laka, yanki ne na tsoffin garuruwa masu ganuwa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a 1981, ya yi bayanin matsayin garuruwa irin su Maska da Gozaki da Kogo da 'Yandoto a wannan yanki tun kafin jihadin 1804. A yau Birnin Kogo yana cikin ƙaramar hukumar Faskari, Pauwa kuma, wadda hakimin Ƙanƙara yake ɗauke da sarautarta, tana cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara. Manufarmu a nan ita ce mu bayyana wa jama'a yadda ake gane ragowar waɗannan wuraren tsaro, da abin da ya kamata a yi idan an ci karo da su.

Dalilin gina su

Ƙasar nan tana da duwatsu da dazuzzuka da ƙasar noma mai albarka, ga kuma hanyoyin fatake da suka ratsa ta. Arziki irin wannan yana jawo mahara. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, sarakunan da aka kora sun kafa Maraɗi, daga can kuma suka yi ta kawo hari ƙasar Katsina har ƙarshen ƙarni na 19. Saboda haka garin da ba shi da ganuwa ko kafi ba ya daɗewa. Bayan zuwan Turawa a 1903 hare-haren suka tsaya, mutane suka sauko daga kan duwatsu suka nufi gonaki da bakin hanya, tsoffin mazaunai da dama suka zama kufai.

Alamomin da ake dubawa

Ba kowane tudu ne ganuwa ba. Ganuwar da ta zube takan zama dogon tudu mai lanƙwasa wanda yake neman zagaye wuri, ba tsibin ƙasa ɗaya kamar suri ba. Ta wajenta akan ga kwari yana bin ta, wato gwalalo, domin daga nan aka haƙi ƙasar ginin, ramin kuma ya zama shinge ga dawakin abokan gaba. Da damina wannan kwari yakan riƙe ruwa, ciyawarsa ta fi ta kewaye kore. Inda tudun ya yanke, kuma tsohuwar hanya ta bi ta wurin, a nan ƙofa take.

Inda zaizaya ta yanki jikin tudun, a duba ko akwai tubali irin na da, mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda ake mulmulawa da hannu. A wuraren duwatsu kuwa, akan sami duwatsu jere ba tare da laka ba, an toshe gibin da ke tsakanin manyan duwatsu da su. Kafi, da yake na itace ne da ƙaya, ba ya barin tudu sosai, sai dai sunan wuri ya tuna da shi. Don haka sunaye masu farawa da Birnin ko Kafin ko Kufan shaida ce da ba a rainawa.

A cikin da'irar ganuwa akan tarar da kukoki da yawa wuri ɗaya, da tsingaro barbaje, da duwatsun niƙa, da ramukan marina, da kashin maƙera inda aka narka tama. Waɗannan su ne suke tabbatar da cewa mutane sun zauna a wurin, sun yi sana'a, ba sansanin kwana biyu ba ne.

Yadda masana suke tantancewa

Masana sukan fara da dattawa: sunan gari, jerin sarakunansa, wanda ya ci shi da yaƙi, da inda mutanensa suka koma. Daga nan sai a gwada da rubutattun bayanai. Alal misali, Bajamushen nan Barth, wanda ya zo Katsina a 1851, ya rubuta cewa kewayen ganuwar birnin ya kai mil 13 zuwa 14. Hotunan tauraron ɗan Adam kuma suna nuna zagayen ganuwa ko da an nome ta. A ƙarshe, gawayi ko ƙashin da aka samu a cikin ƙasa ana auna shi a ɗakin bincike a san kimanin shekarunsa. Sai dai wannan awo ba ya amfani idan an riga an birkice ƙasar, domin matsayin da aka sami abu a cikinta shi ne rabin shaidarsa. Haƙar da aka yi a Durɓi ta Kusheyi a 1907 da 1992 ta nuna irin ilimin da ƙasar Katsina take ɓoye da shi.

Barazanar da ke akwai

Ruwan sama yana cin ganuwa a hankali, amma hannun mutum ya fi shi sauri. Ana ɗibar ƙasarta don gini, ana baje ta don faɗaɗa gona, masu neman ma'adinai suna haƙa ba tare da lura ba. Akwai kuma masu safarar kayan tarihi: a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya gumakan yumɓu na yankin Katsina cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa. Bugu da ƙari, matsalar 'yan bindiga ta sa shiga wasu dazuzzukan yankin ya zama haɗari, dattawan da suka san labarin kufan kuma suna ƙarewa.

Abin da ya kamata a yi

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana haƙar irin waɗannan wurare ko fitar da kayansu waje ba tare da izini ba. Wanda ya ci karo da wani abu a gonarsa ya bar shi inda yake, ya ɗauki hoto idan da hali, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su kuma su kai ga hakimi, har labari ya isa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ko Gidan Tarihi na Ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina. Kada kowa ya shiga daji neman kufai ba tare da shawarar jami'an tsaro ba.

Daga ƙarshe muna kira ga malaman makarantu da ɗalibai su rubuta abin da dattawan garuruwansu suka sani tun suna raye. Ganuwar da aka baje ba ta sake tashi, amma wadda aka rubuta sunanta da wurinta ana iya kare ta.