Ganyen Roba A Bangon Ɗaki: Ado Mai Sauƙin Yi, Amma A Yi Hattara

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya daɗe a Kurmi bai leƙo gida ba, in ya sauka Kano ko Kaduna a 'yan shekarun nan zai tarar da wani yayi da ya bazu. Shagon aski ne, ɗakin ɗaukar hoto ne, gidan abinci ne, ko zauren biki, sai ka ga bango guda ya yi kore shar kamar fadama cikin watan Agusta. Sai ka matsa ka kai hannu, sa'an nan za ka gane ashe ganyen roba ne aka jera. Yanzu kuwa abin ya wuce shaguna, ya shiga ɗakunan amare da na samari, kuma na san 'yan'uwanmu na Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal ba a bar su a baya ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami wani ƙanena da ke sana'ar ɗinki a Agege. Ya ga irin wannan ado a shagon wani abokinsa, ya yi sha'awa, ya sayo ganyen da gam mai ƙarfi, ya liƙe bangon ɗakin da yake haya tun daga sama har ƙasa. Da damina ta yi nisa sai ɗakin ya soma wari. Ya ɓamɓaro gefe ɗaya don ya duba, sai ga bango ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, kyankyasai kuwa sun yi gari a ciki. Garin cirewa kuma gam ya taho da fenti har da shafen siminti. Mai gida ya ce ko dai a gyara masa bango ko a ba shi ɗakinsa. Da yaron ya zo gida hutun Salla ya ce mini, "Wallahi Yaya, kuɗin gyaran ya fi kuɗin adon." Na ce masa, "Ai ba adon ne ya cuce ka ba, yadda ka yi shi ne."

To, don kada wani ya sake faɗawa wannan rami, ga abin da ya kamata a sani.

Adon bango ba baƙonmu ba ne

Kafin mu shiga bayanin aikin, ya kamata mai karatu ya tuna cewa Bahaushe bai taɓa yarda ya zauna da bango tsirara ba in yana da hali. Wanda ya taɓa zaga cikin birnin Zariya ko Kano ya ga zanen da magina ke fitarwa a jikin soraye da zauruka, da dagi da sauran siffofi, a kuma shafe ginin da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don kada ruwa ya ci shi. Har gobe ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Wannan aikin maza ke nan. Mata kuwa nasu shi ne jere. Iyayenmu da kakanninmu sun ƙawata bangon ɗaki da fayafai da tasoshi da langa da fanteka, daga baya aka koma kabet cike da kwanukan samira. Watau ganyen roba bai kawo mana sabuwar ɗabi'a ba, sabon kaya kawai ya kawo.

Bambancin dai shi ne, su waɗancan a bangon gidansu suka yi. Ɗan ci-rani kuwa, ko wanda aiki ya kai Kudu, yawanci a ɗakin haya yake, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Saboda haka duk adon da zai yi, sai ya zama wanda zai iya saukewa ya naɗe ranar tashi, ya bar wa mai gida bangonsa lafiya lau.

Daga ina kayan ke zuwa?

Furen roba ya yi tashe ne tun wajen ƙarshen shekarun 1950, lokacin da masana'antun Hong Kong suka shiga yinsa gadan-gadan suna aikawa Turai da Amurka. Attajirin nan Li Ka-shing, wanda ya kafa kamfaninsa na kayan roba a 1950, da furen roba ya soma yin suna kafin ya koma harkar gidaje. Daga baya sana'ar ta koma cikin ƙasar Sin, kuma akasarin abin da fatakenmu ke shigowa da shi daga can yake, musamman daga kasuwar birnin Yiwu da kuma Guangzhou. A nan gida ana samunsa wajen masu sayar da kayan adon ɗaki da na biki a manyan kasuwanni, a Ikko da Anaca da Kano.

Iri biyu ne mai saye zai fi cin karo da su. Akwai wanda ya zo falle-falle kamar ƙaramar darduma, ganye a sama, ragar roba a ƙasa, mai tsawon santimita 60 da faɗin 40, ko kuwa 50 da 50. Gefen kowane falle yana da 'yan ƙofofi da 'yan maɓallai waɗanda ake haɗa shi da ɗan'uwansa. Akwai kuma mai kama da yaɗo, dogo kamar igiya, wanda ake ratayawa ya zubo. Na farkon shi ke rufe bango, na biyun kuwa na cike gurbi ne da ƙarin kyau.

In ka je saye, kada ka tsaya ga kallo daga nesa. Ɗauki falle guda ka girgiza, ka ja ganye biyu ko uku. In sun tsinko a hannunka, to, haka za su riƙa zuba a ɗaki. Ka goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a kai ka ga ko launi na fita. Ka kuma shinshina, domin mai ƙarnin roba da yawa ba ya daɗin zama a ƙaramin ɗaki. Sa'an nan ka sayi abin da kake bukata gaba ɗaya, har da rarar falle guda, don korensu kan bambanta daga wannan kaya zuwa wancan. Araha dai ba ta ado.

Yadda ake yin aikin

Asirin abin guda ɗaya ne: kada ganyen ya taɓa bango. A jikin firam za a ɗaure shi, a rataye firam ɗin kamar yadda ake rataye hoto ko agogo.

Da farko ka zaɓi bangon da ba ya tsattsafo, wanda kuma ba ya jingine da banɗaki ko wurin wanke-wanke. Ka auna wurin, kada ka ce sai ka rufe bango duka. Alal misali, firam mai faɗin santimita 120 da tsawon 180, watau wajen ƙafa 4 da ƙafa 6, zai ci falle 9 na mai 40 da 60, uku a kwance uku a tsaye. Wannan ya isa bayan kujera ko bayan gado. In kuwa mai 50 da 50 ka samu, falle 4 ne ke rufe mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi.

Na biyu, ka sami siraran katako huɗu ka haɗa su murabba'i, ka gitta ɗaya ko biyu a tsakiya don ƙarfi. In ba ka da zarto, kafinta zai yanka maka cikin ɗan lokaci. Ka shafa wa katakon fenti baƙi ko kore, ka bar shi ya bushe sarai a waje. Sa'an nan ka shimfiɗa masa ragar waya irin ta kejin kaji, ka kama ta da ƙananan ƙusoshi, ka lanƙwashe bakin wayar ciki don kada ta yanki yaro.

Na uku, ka kwantar da firam a ƙasa, ka jera fallayen a kai tukuna ka gani kafin ka ɗaure. Ka lura ganyen duka su fuskanci gefe ɗaya, in ba haka ba wurin haɗin zai fito fili. In jerin ya yi maka, ka haɗa maɓallan, ka ɗaure kowane falle a kusurwa huɗu da tsakiya da 'yar igiyar robar nan da masu gyaran lantarki ke ɗaure waya da ita, ko da siririyar waya. Abin da ya yi saura a gefe a datse da almakashi. Daga nan sai ka bi da yatsa kana baje ganye a kan layin haɗi, ka soka yaɗon nan ko 'yan furanni jefi-jefi. Kada ka jera su layi-layi kamar sojoji, domin ba haka ciyawa ke fitowa a daji ba. Kada kuma ka cika launi. Kore iri biyu da ɗan fari ya fi ja da ruwan ɗorawa da shuɗi a wuri guda.

Na huɗu, ka buga ɗan guntun katako a bayan kowace kusurwa, yadda firam zai bar tazarar inci 1 ko 2 tsakaninsa da bango, iska ta riƙa ratsawa. Ƙusa biyu masu ƙarfi irin na siminti sun isa ɗaukarsa. Amma kafin ka ɗaga guduma, je ka gaya wa mai gida ko wakilinsa. Ka kuma kauce wa saitin makunnin fitila da soket, sama ko ƙasa, domin nan ne wayar lantarki ta fi bi a cikin bango. In mai gida ya hana ƙusa, sai ka yi wa firam ƙafafu ka jingina shi a bayan kujera.

Kurmi ba Arewa ba ce

A nan Arewa babban abokin gaban wannan ado ƙura ce, musamman lokacin hunturu. A Kudu kuwa danshi ne. Ruwan da ake yi a Ikko a shekara ya kusa ninka na Kano, ga shi damina na daɗewa, iska kuma ba ta rabuwa da laima ko da rani. Bangon da aka toshe wa iska a irin wannan wuri ba ya bushewa, shi ya sa fumfuna ke kama shi, kuma ita fumfuna tana tayar wa masu asma da ƙananan yara ciwo. Duhun bayan ganye kuma mafaka ce ga kyankyaso da gizo-gizo da sauro.

Maganin abin ba wuya. Kowane mako a kaɗe ganyen da busasshen ƙyalle. Bayan wata biyu ko uku a sauke firam, a fitar da shi waje, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a bar shi ya tsane a inuwa, domin zafin rana na kashe launin roba ya kuma sa ta gautsi. Kafin a mayar, a share bangon a duba shi. Wanda ya liƙa da gam ba shi da wannan dama.

Maganar wuta

Nan ne nake roƙon mai karatu ya ƙara natsuwa. Wannan ganye roba ne, roba kuwa daga man fetur ake samunta. Ba ta bukatar zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa da yawa kafin ta soma narkewa, in ta kama kuma tana ɗiga da wutarta a kan katifa da labule, ga baƙin hayaƙi mai shaƙe mutum. Wuta kuwa ta fi saurin hawa abin da ke tsaye bisa ga abin da ke kwance. A watan Satumba na 2023, a garin Ƙaraƙosh na ƙasar Iraƙi, tartsatsin wasan wuta ya kama kayan adon rufin wani zauren biki, mutum fiye da 100 suka rasu. Ɗakin haya mai ƙofa ɗaya da taga mai ƙarfen tsaro ba ya bukatar gobara mai girman wannan kafin a yi asarar rai.

Saboda haka kada a rataye wannan ado a bangon da ake ajiye risho ko tukunyar gas, kada a kunna kyandir ko fitilar kwai ko maganin sauro a ƙarƙashinsa. Kada kuma a sa shi a bakin ƙofa, inda nan ce hanyar fita. Iyayenmu mata da amare, ku ma a kula: kaskon turaren wuta ya yi nesa da shi. Masu son ƙawata shi da 'yan fitilu su nemi irin na zamani marasa zafi, kada a cusa haɗin waya cikin ganye, a kuma kashe su in za a kwanta ko za a fita. Akwai ganyen da masu yinsa ke cewa an sa masa maganin hana kama wuta. In mai kanti ya gaya maka haka, yanki ganye ɗaya ka fita waje, ka riƙe shi da filaya ka kanga masa ashana, idonka ya ba ka labari.

Abin da roba ba ta yi

Daga ƙarshe, kada a ɗora wa wannan ado abin da ba nasa ba. Ba ya sanyaya ɗaki, ba ya gyara iska, ba ya kuma maganin bangon da ke tsattsafo, ɓoye shi kawai yake yi. Amfaninsa shi ne ya faranta ido, ya sa mutum ya dawo daga kasuwa ko tasha ya ji ɗakinsa ya yi masa daɗi, baƙo kuma ya shigo ya san akwai mai kula a wurin. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya bar inuwar darbejiyar ƙofar gidansu ya tafi neman halali. Wanda ke marmarin ɗanyen ganye kuwa, ya huda gindin tsohon bokiti ya shuka na'ana'a ya ajiye a bakin taga, ya sami na kallo ya sami na shayi.

Shi dai ƙanen nawa ya koma Agege da firam ɗin da muka haɗa tare a tsakar gida cikin yini guda. Ya aiko mini cewa mai gidan da ya so korarsa ya leƙo ya gani, har yana tambaya nawa zai yi masa irinsa a falo.

Sai mun sake saduwa.