Akwati Mai Jin Magana

A zamanin nan akwai wani ɗan akwati da ake ajiyewa a ɗaki, wanda yake jin magana, yana kuma amsawa. In an tambaye shi lokaci, sai ya faɗa. In an nemi labarun duniya, sai ya ɗauko su ta intanet ya karanto. Kamfanin Amazon na Amurka ya fito da nasa a shekarar 2014, ana kiransa Echo.

Amma muryar akwatin nan takan cika ɗaki. In dare ya yi, ko kuwa akwai mara lafiya a kwance, sai ta dami mutane. Maganin wannan shi ne a haɗa shi da abin saurare na kunne, irin wanda ba shi da igiya. Sautin yakan bi iska ya isa kunne, kamar yadda maganar rediyo take yi.

Wannan dabara sunanta Bluetooth. An fara aikinta a kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin a shekarar 1994. Laƙabin wani sarkin Danmak ta ci, watau Harald, wanda ya haɗa kan mutanen ƙasarsa yau shekara fiye da 1,000.

To, akwatin da abin kunnen baƙin juna ne, sai an gabatar da su tukuna. Da fari akan danna maɓallin abin kunnen, a riƙe har 'yar fitilarsa ta soma ƙyaftawa. Wannan alama ce yana neman aboki. Sa'an nan a buɗe manhajar akwatin a wayar hannu, a sa shi ya duba abin da ke kusa. Da sunan abin kunnen ya fito, sai a taɓa shi. Shi ke nan, sun san juna. Gobe ba sai an sake gabatarwa ba.

Tafiyar sautin ba ta cika wuce mita 10 ba, katanga mai kauri kuwa tana rage ta. Saboda haka mai saurare ba ya yin nisa da akwatin.

Saura abu guda. Kada a ƙure ƙarar, gama ƙara mai tsanani tana lalata ji a hankali, jin da ya lalace ta haka kuwa ba ya komowa.