Takardar shaidar rasuwa: ina magada za su samo ranar da ba a rubuta ba?

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, wanda ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya koyar. Galibi a gida ake rasuwa, babu likita a kusa, babu kuma wanda hankalinsa ke kan biro. Sai an yi wata biyu ko uku banki ko kamfanin fansho zai ce wa magada su kawo takardar shaidar rasuwa kafin su taɓa ko kwabo.

Doka mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta ɗora aikin a wuyan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Tambayoyin ma'aikacinta ba su da yawa: cikakken suna, shekaru, rana da wurin rasuwa, da sanadi. A nan ake cijewa. Gari ya san marigayi da Mamman, katin banki ya ce Mohammed, lambar NIN kuma ta ɗauki sunan ƙauyensu a matsayin sunan mahaifi. Shekaru? An dai ce yana saurayi aka canja fam zuwa naira, wato 1973. Sanadi? Zazzaɓi, ko kuma "ajali ne".

Amma bayanin bai ɓata ba, yana wurin mutanen da ba a cika tambaya ba. Matar da ke takaba tana ƙirga wata huɗu da kwana goma ɗaya bayan ɗaya. Ta fi kowa sanin ranar. Limamin da ya sallaci gawa yana riƙe da lissafin sadakar uku da ta arba'in. Mai unguwa da dagaci, waɗanda a gabansu ake auna gonar gado taki-taki a wannan yanki da babu sauran daji, za su iya ba da wasiƙar shaida. Da ita, da takardar rantsuwa daga kotu, magaji yana da abin nunawa a ofis.

Abin gudu shi ne 'yan "kawo a cika maka", masu ƙirƙiro rana da shekaru. Da zarar takardar ta saɓa wa abin da banki ke riƙe da shi, kuɗin marayu sun maƙale, wahalar gyara kuwa ta fi ta farko.

Asarar rashin rajista ba ta tsaya ga iyali ba. A watan Afrilun 2020, da mace-mace suka yi yawa a birnin Kano, sai da aka bi masu haƙa kabari da iyalai da tambaya, kafin ministan lafiya Osagie Ehanire ya sanar da mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas. Birni ke nan; na karkara ba su shiga wannan ƙidaya ba.

A Nuwamban 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rajista ta intanet. Madalla, amma kwamfuta ba ta zuwa zaman makoki. Ya kamata masarautu da ƙananan hukumomi su ba kowane mai unguwa littafi, ya riƙa rubuta suna da rana tun ranar jana'iza, ma'aikacin hukumar kuma ya zo ya kwafa kowane wata.