Mashigin Suwais: Yadda Tururi Ya Haɗa Tekuna Biyu

Idan mutum ya shimfiɗa taswirar duniya a gabansa, ya bi gaɓar Afirka da yatsa har ya kai kusurwarta ta arewa maso gabas, zai tarar da cewa abin da ya haɗa wannan nahiya tamu da ta Asiya bai wuce wani ɗan tsirin ƙasa ba, na rairayi da tafkunan gishiri, wanda faɗinsa kimanin kilomita 120 ne, Bahar Rum na arewa da shi, Bahar Maliya na kudu. Saboda wannan ɗan tsiri kaɗai ya zama wajibi ga jirgin da ya taso daga Turai yana nufin Indiya ya kewaye Afirka dukanta, ya shafe watanni a bisa teku, alhali kuwa da za a tsaga masa hanya a nan, da an rage masa wajen kashi biyu cikin biyar na tafiyarsa. Sarakuna sun daɗe da sanin haka tun zamanin Fir'aunoni. Abin da ya zo sabo a ƙarni na 19 shi ne ƙarfin tururi, domin shi ya haƙa mafi yawan mashigin, shi ne kuma ya sa mashigin ya yi amfani bayan an haƙa shi.

Magabata ba su tsaga ƙasar kai tsaye daga teku zuwa teku ba. Dabararsu ita ce su jawo ruwan Nilu ta wani kwari da ake kira Wadi Tumilat, su bi da shi gabas har tafkuna masu ɗaci, daga nan su gangara zuwa Bahar Maliya. Fir'auna Neko na biyu ya fara aikin wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, Dariyus Sarkin Farisa ya kammala, sarakunan Yunanawa da na Rumawa suka riƙa gyarawa, rairayi kuwa yana binnewa duk sa'ad da mulki ya raunana.

Wurin da ya kamata Musulmi ya tsaya ya yi tuntuntuni shi ne zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. A shekara ta 18 bayan Hijira fari da yunwa suka afka wa Hijaz, har ake kiran shekarar Amur Ramada, Halifa da kansa ya haramta wa kansa cin mai da nama muddin talakawansa ba su samu ba. Da Allah Ya buɗe Masar a hannun Amru ɗan Asi, ƙasar da ta daɗe tana ciyar da Rumawa da alkamarta, sai Halifa ya ga cewa ayarin raƙuma, komai yawansa, ba ya iya ɗauko abin da zai ƙosar da Makka da Madina, saboda haka ya umarci Amru ya sake yashe tsohuwar hanyar ruwan nan da ƙasa ta cinye. Aka yashe ta tun daga Fusɗaɗ har zuwa Ƙulzum, kusa da inda birnin Suwais yake a yau, aka sa mata suna Halijin Amirul Muminina, jirage suka riƙa sauke hatsi a Jar, tashar ruwan mutanen Madina. A ganina babu wani babi a tarihin wannan hanya da ya kai wannan tsarkin niyya, gama an haƙa ta ne domin maslahar mayunwata, mai mulkin ƙasar ne ya haƙa, amfaninta kuma ya koma ga jama'arsa.

Sai dai hanyar da ake ciyar da gari da ita, da ita kuma ake iya horar da shi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Abu Ja'afar Mansur na Abbasiyawa ya sa aka toshe ta domin ya yanke wa Madina abinci, bayan Muhammadu Nafsuz Zakiyya ya yi masa tawaye a can a shekara ta 145 bayan Hijira. An kuma ruwaito cewa Haruna Rashid ya yi nufin haɗa tekunan biyu, aka ba shi shawarar ya bari, don gudun kada jiragen Rumawa su sami ƙofar shiga su riƙa kame alhazai. Masu wannan shawara sun hango abin da ya tabbata bayan shekara dubu, wato ƙofar da aka buɗe wa fatake ba ta hana mayaƙa wucewa.

Da Napoliyon ya mamaye Masar a 1798, ya sa injiniyoyinsa suka auna tsirin, suka kawo masa lissafin cewa Bahar Maliya ta ɗara Bahar Rum tudu da kusan mita 10, in an tsaga ƙasar ruwa zai malale arewacin Masar. Lissafin kuskure ne, ya kuma tsorata mutane kusan shekara hamsin, sai a 1847 aka sake awo aka tabbatar da cewa tekunan biyu kusan kai ɗaya suke, ba a bukatar ƙofofin ɗaga jirgi da sauke shi irin waɗanda Turawa ke ginawa a hanyoyin ruwan ƙasashensu. Wanda ya ci moriyar wannan sani ba injiniya ba ne. Ferdinand de Lesseps tsohon ma'aikacin jakadancin Faransa ne, wanda ya ƙulla abota da Sa'idu ɗan Muhammadu Ali, mai mulkin Masar, tun Sa'idu yana yaro, da kuwa abokin nasa ya hau gadon mulkin Masar a 1854, bai yi wata-wata ba ya zo ya karɓi izinin haƙa mashigi da riƙe shi har shekara 99 daga ranar buɗewa. Sharuɗɗan sun ba gwamnatin Masar kashi 15 cikin 100 na riba, suka ɗora mata bayar da fili da kawo ma'aikata. Ingila ta yi adawa da aikin iyakar ƙarfinta, hannayen jarin kamfanin mashigin da aka rasa masu saye kuma Sa'idu ya kwashe su da bashi.

An sara fartanyar farko ranar 25 ga Afrilu, 1859, a inda birnin Bur Sa'id ya tsiro daga baya. Bai kamata a gaggauta wucewa a kan shekarun nan na farko ba, domin a cikinsu babu tururi sai gumi. Ta hanyar aikin tilas ake tattaro manoma daga ƙauyukan Nilu, wajen mutum 20,000 a kowane wata, a raba su da gonakinsu, a kai su hamadar da ruwan sha sai an ɗauko shi a bayan raƙuma, su haƙa da magirbi su kwashe ƙasa a kwandunan kaba, in wa'adinsu ya cika a kawo wasu. Sai da aka jawo wata ƙaramar hanyar ruwan daɗi daga Nilu, wadda ta isa Suwais a 1863, kafin ƙishirwa ta sassauta. Shugaban Masar Jamal Abdunnasir ya faɗa a 1956 cewa Misirawa 120,000 ne suka mutu a aikin; malaman tarihi sun yi saɓani a kan wannan adadi, amma ba su yi saɓani a kan cewa zalunci ne ba. Da Isma'ilu ya gaji Sa'idu a 1863 ya nemi a daina aikin tilas, kamfani ya ce an saɓa alkawari, aka kai shari'a gaban Napoliyon na uku, Sarkin Faransa, wanda matarsa 'yar'uwar de Lesseps ce. Ya yanke wa Masar diyyar faran miliyan 84, daga ciki miliyan 38 fansar 'yantar da talakawanta ne daga aikin da ba a biyansu hakkinsa yadda ya kamata.

Da wannan kuɗi aka sayo injuna. Asalin hikimar injin tururi kuwa mai sauƙin fahimta ce: ruwa idan ya tafasa ya zama tururi yana neman wurin da ya ninka nasa fiye da sau 1,600, to in an tsare shi a cikin tukunyar ƙarfe, aka buɗe masa ƙofa guda zuwa wani bututu mai toshiya a ciki, sai ya ingiza toshiyar da ƙarfi, toshiya ta tura sanda, sanda ta juya ƙafa, ƙafa kuwa ta juya duk abin da aka ɗaura mata. Thomas Newcomen ya ƙera irinsa a Ingila a 1712 domin janye ruwa daga ramukan haƙar kwal, James Watt ya gyara shi, ya sami takardar mallakar gyaran a 1769, ta yadda ya rage cin wuta ƙwarai. Wasu 'yan kwangilar Faransa biyu, Borel da Lavalley, suka kawo manyan jiragen yasa, kowanne da sarƙa mai jere da gugunan ƙarfe, tamkar masu yasar rijiya da ke miƙa wa juna guga ba hutawa, sai dai wannan ba ya gajiya dare da rana. Gugunan suna kwarfo laka daga ƙasan ruwa, su juye ta cikin wani dogon indararo, a kora ta da ruwa har ta faɗa can bayan gaɓa. Inda ƙasa ta yi tudu babu ruwan da jirgi zai tsaya a kai, sai suka malalo ruwa daga hanyar ruwan daɗi suka yi tafki, suka shigar da jiragen, suka ci ƙasar daga sama zuwa ƙasa. Cikin mita miliyan 75 na ƙasar da aka kwashe, bisa awon tsawo da faɗi da zurfi, mafi yawa injuna ne suka kwashe a 'yan shekarun ƙarshe.

An buɗe mashigin ranar 17 ga Nuwamba, 1869, tsawonsa kimanin kilomita 164, zurfinsa mita 8, jirgin Sarauniyar Faransa Eugénie na kan gaba. Tafiyar Landan zuwa Bambai ta sauko daga wajen mil 10,700 na teku zuwa wajen 6,200. Amma wannan rangwame bai shafi kowa ba. Jirage masu filafilai, waɗanda iska ke turawa, ba sa iya ratsa siririn mashigi sai an ja su, a arewacin Bahar Maliya kuma iska daga arewa take busowa mafi yawan shekara, ga duwatsun ƙarƙashin ruwa ta ko'ina. Jirgin tururi shi ba ruwansa da inda iska ta fuskanta. Aibinsa ɗaya ne, cin kwal, har a da kwal ɗin tafiya mai nisa yakan cinye wurin kaya. Maƙeran Glasgo suka magance wannan da injin da ke amfani da tururi sau biyu, ya tura ƙaramar toshiya yana da zafi, sa'an nan ya wuce ya tura babba kafin ya huce, aka kuma tara kwal a Bur Sa'id da Adan domin jirage su ƙara. Kwana biyar bayan buɗe mashigin aka sauke Cutty Sark a ruwa, ɗaya daga cikin mafiya gudun jiragen filafilai, wanda aka ƙera domin ɗauko ganyen shayi daga Sin. Cikin shekara goma jiragen tururi suka raba shi da wannan fatauci.

Aikin Hajji ma ya sauya kama, gama jiragen tururi sun ninka yawan alhazan da ke isa Jidda daga Indiya da Jawa da ƙasashen Turkawa, ko da yake saurin nan yana da nasa bala'i: annobar kwalara ta 1865 ta bi alhazai daga Hijaz zuwa Suwais, ta shiga Iskandariya, ta tsallaka Turai cikin 'yan makonni. Alhazan ƙasashenmu kuwa galibinsu a ƙasa suka ci gaba da tafiya, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, inda suke tsallaka teku.

Wanda ya fi kowa adawa da mashigin shi ya fi kowa cin amfaninsa, domin Ingila ce ke da kwal da maƙeran jirage da mulkin Indiya, ba a jima ba wajen kashi uku cikin huɗu na kayan da ke ratsawa nata ne. Isma'ilu kuwa bashi mai ruwa ya riga ya shaƙe shi. A 1875 ya sayar wa gwamnatin Ingila ta Disraeli hannayen jarin Masar guda 176,602 a kan kusan fam miliyan 4, kuɗin da gidan Rothschild ya ranta wa Ingila cikin gaggawa, a 1880 aka sayar da kason ribar nan na kashi 15, a 1882 sojojin Ingila suka shigo ta mashigin kansa, suka sauka a Isma'iliyya, suka karya rundunar Masar ta Ahmad Urabi a Tallul Kabir. Ke nan cikin shekara 13 da buɗewa, ƙasar da ta ba da fili da ma'aikata da kusan rabin jari ta wayi gari ba ta da hannun jari, ba ta da riba, ba ta kuma da ikon kanta. Zuciya ba ta natsuwa da wannan hisabi ko da an lissafa duk alherin da mashigin ya jawo wa fataucin duniya.

Sojojin Ingila ba su gama ficewa ba sai a watan Yuni na 1956. Ranar 26 ga Yuli na wannan shekara, bayan Amurka da Ingila sun janye alkawarin tallafa wa ginin dam ɗin Aswan, Abdunnasir ya tsaya a Iskandariya ya shelanta mayar da kamfanin mallakar Masar, ambaton sunan de Lesseps a cikin jawabin kuwa shi ne alamar da aka shirya da Mahmud Yunus, wani jami'in Masar, da mutanensa domin su shiga ofisoshin kamfanin su karɓe su. A tsakiyar Satumba yawancin Turawan da ke jagorar jirage a mashigin suka ajiye aiki, da zaton cewa Misirawa ba za su iya ba, sai ga jirage sun ci gaba da wucewa a hannun 'yan ƙasa da waɗanda suka zo taya su daga wasu ƙasashe. A ƙarshen Oktoba Isra'ila da Ingila da Faransa suka kawo yaƙi, matsin Amurka da Tarayyar Sobiyet da Majalisar Ɗinkin Duniya ya tilasta musu janyewa, aka kwashe jiragen da aka nutsar, aka sake buɗe mashigin a watan Afrilu na 1957, kuɗin fito yana shiga baitulmalin Masar.