Matatar Gishirin da ke Saman Idon Agwagwa

Damina a Tagriss, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maradi, ba ta wuce wata uku da ƴan kwanaki. Da ta ɗauke, tabkunan da ruwan sama ya cika sai su fara ja da baya, shanun Fulani da raƙuman Buzaye suna sha ta gefe, rana tana tsotsa ta sama. Rana kuwa ruwa kaɗai take ɗauka, gishirin da ke narke a ciki tana barinsa a nan. Saboda haka ruwan da agwagwa ta sha a watan Satumba ba shi ne za ta sha a watan Fabrairu ba, ko da a tabki ɗaya ne.

Tsuntsayen ruwa sun san wannan hali a duk faɗin Sahel: kirinjijiya mai fito da dare, dinya, da ƙananan agwagin da ke tsallako Sahara daga Turai da kaka, su sauka a irin tabkin Madarounfa ko na Tabalak ko dausayin Haɗeja da Nguru, su koma wajen watan Maris. Tambayar ita ce yadda jikinsu yake yi da gishirin da ya wuce kima.

Ƙodar tsuntsu ba gwana ba ce a wannan aiki. Ta mutum tana iya kaurara fitsari har ya ninka jini kusan sau 4, ta yawancin tsuntsaye ba ta wuce ninki 2 da kaɗan ba. Jini yana ɗauke da gishiri kimanin giram 9 a kowace lita, ruwan teku giram 35. Tsuntsun da ya dogara da ƙoda kaɗai, in ya sha ruwa mai irin wannan ƙarfi, sai ya zubar da ruwan da ya fi wanda ya sha kafin ya rabu da gishirin. Yana sha, ƙishi yana ƙaruwa.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Knut Schmidt-Nielsen, ɗan asalin Norwe da ya koyar a Jami'ar Duke ta Amurka. Makiyayan Dakoro za su so labarinsa, domin shi ne ya zauna a Béni Abbès ta Aljeriya a 1953 zuwa 1954 yana binciken yadda raƙumi ke jure ƙishirwa, ya nuna cewa ba ruwa ne a cikin tozo ba. Bayan ƴan shekaru ya ɗura wa wasu tsuntsayen teku ruwan gishiri, sai ya ga ɗigo yana fitowa daga hancinsu yana gangarowa ƙarshen baki. Da ya gwada ɗigon, ya tarar ruwan gishiri ne mai kauri. A 1958 ya buga sakamakon. Ashe akwai wasu ƴan tsoka guda biyu a saman idanu, kwance a kan ƙashin kai, waɗanda aikinsu tace gishiri daga jini su turo shi ta hanci. Agwagwa ma tana da su, kuma abin da take fitarwa yana ninka gishirin jininta sau uku ko fiye.

Abin da ya fi jan hankali shi ne matatar ba kullum take aiki ba. Tana iya kwana da wuni ba ta ɗiga ko sau ɗaya ba, sai an ba ta umarni, kuma umarnin ta jijiya yake zuwa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da ke auna kaurin jini, a kewayen zuciya akwai masu auna yawansa. In gishiri ya hau kuma ruwan jiki ya wadata, saƙo yana bin wani reshe na jijiyar fuska zuwa matatar, ya saki sinadarin asetilkolin, hanyoyin jini su buɗe, cikin ƴan mintuna hanci ya fara zuba. Agwagwar ta girgiza kai ta watsar. In aka yanke wannan jijiya, matatar gefen da aka yanke ta yi shiru ke nan.

Su kuwa sinadaran homon, masu yawo cikin jini, su ne ke riƙe da linzami. Yawancin abin da aka sani a kansu ya fito daga farar agwagwar Pekin, musamman gwaje-gwajen da Eckhart Simon da abokan aikinsa suka yi a cibiyar Max Planck da ke Bad Nauheim a Jamus. Akwai basotosin, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya sa ƙoda ta rage fitsari. Akwai aldosteron, wanda aikinsa akasin zubarwa ne: in gishiri ya yi ƙaranci, shi ke sa ƙoda da ƙarshen hanji su riƙe shi. Tsuntsu ba shi da mafitsara, fitsarinsa a dubura yake haɗuwa da kashi, har wani sashe ya koma cikin hanji a sake tsotse ruwa da gishirin da ke ciki. Farin nan da ake gani a kashin agwagwa shi ne fitsarin, an matse shi don a yi tattalin ruwa.

Sai anjiyotensin, kuma a nan maganar take. Idan ruwan jiki ya ragu sosai, ƙoda ce ke tayar da shi, ya je ƙwaƙwalwa ya kunna ƙishirwa, sannan ya danne matatar gishirin. Dalilin a fili yake: kowane ɗigo da ya fita ta hanci ruwa ne ya fita. Jikin da ya bushe ya gwammace ya zauna da gishirinsa da ya ƙara asarar ruwa. Wato daidai lokacin da mai kiwo zai zaci matatar za ta ceci tsuntsu, cikin zafin bazara, ruwa ya ƙare wa ɗan kada, a lokacin ne take kulle kanta.

Matatar kuma sai da sabo. Agwagwar da ta tashi kan ruwan daɗi tata ƙarama ce. In aka riƙa ba ta mai ɗan gishiri sannu-sannu, cikin kwanaki sai ta girma ta ƙara ƙarfi. Ƴaƴan da aka ƙyanƙyashe kuwa kusan mako guda suke yi kafin tasu ta fara aiki, shi ya sa a tabkuna masu gishiri na Arewacin Amurka aka ga ƴaƴan agwagin daji suna tsumburewa ko su mutu in babu ruwan daɗi kusa.

Agwagwar da ke yawo a tsakar gidajen Tagriss da Maradi da Katsina, mai jan fuska da toro mai huci, ba Pekin ba ce. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, inda ruwan daɗi yake a yalwace, don haka babu hujjar ɗora mata juriyar tsuntsun teku. Ga shi kuma tana zaune a ƙasar da gishiri yake magani. Makiyayi yana sayen kantun Bilma, yana jiƙa wa shanu kanwa, wasu har Ingal suke kora garke a ƙarshen damina don dabbobi su lashi ƙasa mai gishiri. Saniya da raƙumi suna bukatar haka, ciyawa ba ta ba su sodiyom isasshe. Amma ragowar ruwan kanwa a gindin kwami, ko ɗaurayar tukunyar miya da ake watsa wa tsuntsaye da yamma, kaya ne mai nauyi ga ɗan agwagwar da bai yi kwana bakwai ba, domin kanwa ma sodiyom ce.

Matan gida da yara su ne masu kiwon agwagi a wannan yanki, kuma abin da ake roƙonsu bai da tsada: a ware wa ƙananan kaskonsu daban a inuwa, a zuba ruwan da mutanen gida ke sha, a sake shi safe da yamma, a kuma kore su daga kwamin shanu ranar da aka jiƙa kanwa.