Lissafin Rumbu: Ci, Jari da Tanadin Marayu

Yau mun nufi Beli ta ƙaramar hukumar Rogo, a masarautar Karaye.

Idan kaka ta yi, magidanci a Beli kan kasa amfanin gonarsa kashi uku: masara da dawar da za a zuba a rumbu don ci, wadda za a sayar a sayi taki ko ɗan maraƙi, da wadda za a ɓoye saboda ɓacin rana. Wannan rabon ne masana tattalin arziki suka daɗe suna aunawa. Menahem Yaari ya shigo da batun ajali a 1965, Robert Merton ya tsara na jari a 1969, sannan Scott Richard ya haɗa ci da jari da inshorar rai a 1975. Lissafin ya nuna cewa babbar dukiyar matashin magidanci ita ce ƙarfinsa, wato duk damunan da suka rage masa ya noma. Ranar da ta Allah ta kasance, wannan dukiya tare suke tafiya. Saboda haka mai ƙananan yara da 'yar gona ɗaya ya fi dattijo mai shanu da manyan 'ya'ya bukatar kariya.

Wani zai ce ai zumunci ya wadatar. Da gaskiyarsa, domin binciken da Christopher Udry ya yi a ƙauyukan Zariya a 1988 zuwa 1989 ya gano cewa mai bin bashi kan ɗaga wa wanda gonarsa ta lalace ƙafa. Sai dai ɗaga ƙafa na damuna ɗaya ne, rainon marayu kuwa na shekaru ne, kuma idan fari ya zo, gari duka yake yi wa. Wani kuma zai kawo batun halaccin inshora. A nan ne takaful ya shigo, tsarin da hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013: kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya, a tallafa wa iyalin wanda ya rasu, ba kuɗin ruwa, ba caca.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tsadar rayuwa. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a Disambar 2024, don haka kuɗin da aka yi alkawari yau ba lallai su sayi buhunan da ake zato ba gobe. Amsar ita ce a bar jari inda yake, a dabba da hatsi, a ware ɗan abin da ba zai taɓa tukunya ba don kariyar iyali kaɗai.

Malam magidanci, kafin ka kai buhun farko kasuwa bana, zauna da uwargida ku lissafa: rumbun nan wata nawa zai riƙe gidan idan babu kai?